Hancin Mika'ilu da Akwatin Rahila

A layin 'yan lemo na kasuwar Kontagora, in aka ce Hanci kowa ya san Mika'ilu ake nufi. Ya haura shekara talatin yana sayar da lemo, kuma tun yana saurayi Allah ya hore masa wata baiwa. In an sauke buhu hamsin daga mota, sai ya bi ta gabansu hannu a baya kamar mai duba gona, ya tsaya a kan guda ɗaya, ya zungure shi da ƙafa ya ce, "Ku zazzage wannan." In an zazzage, sai a tarar da lemo biyu ko uku a can tsakiya sun fara funfuna, wannan koren garin da ke kama ɓawo ya bi ya harbi na kusa da shi. Masu saro kaya zuwa Beri da Kasuwan Garba ba sa ɗora buhu a mota sai Hanci ya shinshina musu. Shi kuwa abin na yi masa daɗi ƙwarai, har wata tafiyar ƙasaita yake da ita ta musamman don ranar sauke kaya.

Sai ga wata mura a tsakiyar damina. Ta kwantar da shi sati biyu, da ta tashi tafiya ta tafi da hancin. Ciwon kai ya wuce, majina ta tsaya, amma ƙanshi da wari duk suka ɗauke masa ɗif.

Ranar da asiri ya fara tonuwa yana zaune a tsakar gida kusa da murhu yana yanke farce, wake na ƙonewa a tukunya. Matarsa Salihatu ta fito daga ɗaki da gudu.

"Baban Ruka! Kana zaune tukunya na cin wuta?"

"Ai ban lura ba."

Ta sauke tukunyar, ta tsaya tana kallonsa. Can ta ce ya rufe ido. Ta shiga ɗaki ta dawo, ta kara masa wani tsumma a hanci. "Mene ne wannan?"

Ya ja numfashi mai tsawo. "Turarena na Juma'a mana. Wa ya ce ki taɓa mini?"

Tsumman goge fitila ne, jiƙe sharkaf da kananzir. Salihatu ta yi dariya har ta zauna daɓas a ƙasa. Sai da ta ga fuskarsa sannan ta tsagaita, ta yi masa alkawari maganar ba za ta fita ba.

Wata uku Mika'ilu ya yi yana wasan kwaikwayo a kasuwa. Zai rufe ido ya ɗaga hanci sama, ya ja iska har a ji ƙara, alhali yatsunsa ne ke lalubar gindin buhu ko da danshi, idonsa kuma a ɗan buɗe yana neman inda ƙananan ƙudaje ke shawagi. Yawanci yana dacewa. In bai dace ba sai ya ɗora laifin a kan direbobi, waɗanda yanzu ba sa yarda su bi wasu hanyoyin bayan la'asar saboda 'yan bindiga, har lemo ya kwana uku a ƙarƙashin tamfol kafin ya iso.

Wata safiya a ƙarshen damina, maƙwabcinsa na rumfa ya shigo masa da fara'a. Irmiya ke nan, Bakambare mutumin Kaboji, mai sayar da ayaba. Shekara ashirin suna jere, kuma babu ranar da rana za ta faɗi ba su tsokani juna ba. A bayansa ga 'yarsa Rahila, wadda ke shekarar ƙarshe a wata makarantar kimiyya a Minna, ta rungumo wani akwatin roba kamar rediyo, da siririn tiyo a gefensa.

Ta durƙusa ta gaishe shi. "Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Rediyo kika kawo mini?"

"Hanci ta kawo maka," in ji Irmiya. "Ɗan'uwanka ne, na lantarki."

Rahila ta ajiye akwatin a kan benci ta buɗe murfinsa. A ciki akwai batir, da ƙaramar fanka, da wasu 'yan ƙarafa guda huɗu kamar maɓallan riga. Ta ce, "Baba, lemo yana numfashi. In funfuna ta kama shi, tun kafin ido ya gani yakan fara fitar da wata iska dabam. Wannan fankar tana zuƙo iskar cikin buhu ta tiyo, ta bi ta kan maɓallan nan, su ne ke jin ta. In lafiya lau, koriyar fitila ce za ta kama. In da matsala, ja, kuma ya yi kuka."

"To madalla. Ni mene ne nawa a ciki?"

"Jariri ne, Baba, bai san komai ba tukuna. Ni na yi masa kintace kawai. Sai an gwada shi da wanda ya san aikin, a ga inda yake kuskure a gyara. Malaminmu ya ce in nemi ƙwararre, na ce ai a gida muke da shi."

Kafin ta rufe baki mutanen layi sun taru. Abdulwasiu, wani Bayarabe da ke sayen lemo yana kaiwa ƙauyuka, ya ɗaga murya ya ce duk ƙasar nan babu malamin da ya kai Hanci. Aka yi ta tabbatarwa. Mika'ilu ya so ya ce aiki ya yi masa yawa, amma ido ya fi ashirin a kansa.

Ya gyara zama ya ce, "A kawo shi. Amma ni ɗalibi mai taurin kai ba na raga masa."

Aka jera kwanduna ashirin a cikin sito, kowanne cike da lemo, an ɗinke bakinsa da buhu, Rahila ta rubuta musu lamba da alli. Ta kuma ɗora su a kan katako, ta yadda babu damar lalubar gindi. Mika'ilu ya dubi wannan tsari ya ji kamar ya kwanta ciwo.

Dabara ta zo masa a bakin kwandon farko. Ya ce, "Tsaya. A al'adarmu babba ba ya fara magana. Bari yaron ya faɗi nasa, sannan in ji ko ya yi daidai."

Rahila ta cusa tiyo. Fanka ta yi 'yar ƙara, koriyar fitila ta kama. Mika'ilu ya sunkuya, ya rufe ido, ya ja iska, ya jinjina kai. "Lafiya lau. Ya ci wannan."

A kwando na bakwai fitila ta yi ja, akwatin ya yi ƙit-ƙit. Mika'ilu ya yamutsa fuska tun kafin ya gama sunkuyawa. "Kai! Wannan ai tun daga bakin ƙofa na ji shi. Shiru na yi in ga ko zai gane."

Kwana huɗu ana haka. Duk abin da akwati ya ce, malaminsa ya ce haka ne. Rahila sai murna take, tana rubutawa a waya, tana cewa ba ta taɓa zaton zai kama hanya da wuri haka ba. Mika'ilu ya saki jiki. Har ya fara ƙara gishiri, yana faɗin wane irin wari ne, wannan na tsami ne, wancan kamar na tsohuwar rijiya. Da rana in an zauna shan kunu sai ya ce wa Irmiya, "Yaron yana da ƙoƙari, amma da sauransa. Ni fa da ramin hanci ɗaya kawai nake aiki."

Rana ta biyar Rahila ta zo da baƙin salatif ta liƙe fitilun, ta kashe kukan.

"Me ya faru kuma?"

"Na tura wa malaminmu sakamako, Baba. Ya ce ashirin cikin ashirin kullum, ko tagwaye ba sa haɗa baki haka. Ya ce kai za ka riƙa farawa, ni kuma in duba amsar akwatin a wayata ba tare da ka gani ba."

Mika'ilu ya ce hancinsa ya gaji yau, a bari sai gobe.

Da yamma ya samu Salihatu tana tankaɗe, ya zauna kusa da ita ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da buƙatarsa. Dama ita ke kai kunun gyaɗa layin 'yan lemo kowace safiya, kuma hancinta ras yake. Abin da yake so, gobe ta shigo sito da sunan kallo, ta riƙa bin gefen kwanduna. In ta ji alamar ruɓa ta yi ɗan tari.

"Wato ni ce hancin, kai ne mai suna," in ji ta.

"Kwana biyu ne kawai, yarinyar ta koma makaranta."

"In aka kama mu ban san ka ba."

Washegari Salihatu ta shigo sito da bokitin kununta, ta ce ita ma ta zo ganin abin mamaki. Rahila ta yi mata maraba. Irmiya ya jingina da ƙofa yana ɓare ayaba. Aka fara. Kwando na ɗaya shiru, Mika'ilu ya ce lafiya. Na biyu shiru. A na uku Salihatu ta yi tari.

"Wannan ya tafi," in ji Mika'ilu.

A na huɗu ta sake yin tari. Ya ɗan dube ta ta wutsiyar ido, ta kawar da kai. "Shi ma ya tafi." Na biyar tari, na shida tari har da atishawa. Sai a lokacin ya ji ƙarar injin niƙa a bayan sito, inda mata ke kai barkono. Amma ya riga ya hau, babu wurin sauka. Kafin a kai ƙarshe ya yanke wa kwanduna goma sha ɗaya hukunci.

Rahila ta dubi wayarta ta dube shi. "Baba, akwatin biyu kawai ya kama."

"To ka ji. Na faɗa miki da sauransa."

Ta ce a zazzage a gani. Aka kwance kwanduna goma sha ɗaya, lemo ya yi ta gangarowa, santala-santala, yana sheƙi. A guda ɗaya kaɗai aka samu ruɓaɓɓe. Mika'ilu ya ɗauki wani lafiyayye ya juya shi a hannu ya ce cutar tana ciki, nan da sati za a gani. Babu wanda ya musa masa. Amma da ya ɗago kai ya ga Irmiya yana kallon Salihatu, ya dawo da kallonsa kansa, yana wani murmushi da Mika'ilu bai so ba ko kaɗan.

A gida ya tsare ta. "Wane irin tari ne wannan kamar mai tarin fuka?"

"Na farko da na biyu barkono ne, wallahi."

"Sauran fa?"

Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. "Na ga duk sanda na yi tari sai ka zabura ka yanke hukunci kamar alƙali. Shekara talatin ina magana a gidan nan ba a ɗauka da sauri haka ba. Sai na ce bari in more."

Kashegari ya hana ta zuwa sito, ya ce wa Rahila a bar gwajin sai bayan azahar, don hancinsa ya fi kaifi da rana. Bayan ya dawo daga masallaci ya cire hularsa ya ajiye a gefe, ya miƙe a benci ya ɗan runtsa kamar yadda ya saba. Da ya farka ya ɗauki hular ya kafa, ya ji kamar ta ɗan yi nauyi ta gaba, bai kula ba.

Wata mata ta zo sayen lemo, ta tsaya nesa tana ciniki. Can ta ce, "Malam, miya ake yi a rumfar nan?"

"Wace irin miya kuma?"

Ta karɓi lemonta da ɗan yatsa biyu ta tafi. Abdulwasiu ya zo zai zauna kusa da shi, ya fasa, ya ce ya tuna yana da wani uzuri. Ƙudaje kuwa sai zagaye kansa suke, yana korarsu yana cewa damina ta bar musu fitina. Irmiya na can rumfarsa yana jera ayaba yana rera waƙar coci a hankali, fuskarsa kamar ta waliyyi.

Da suka shiga sito su uku, Rahila ta kunna akwatin, ta dubi waya, ta ɓata fuska. Ta cire salatif ta mayar da kukan. Tun ba ta sa tiyo a kwando ba fitila ta yi ja, ƙit-ƙit-ƙit. Ta kai shi kwandon farko, Mika'ilu na biye da ita, ja. Na biyu, ja.

Mika'ilu ya ga dama ta samu. Ya sunkuya ya ja iska. "Gaskiyarsa. Yau kam duk sun kamu. Ni ma na ji."

"Baba, wannan kwandon babu komai a cikinsa. Jiya muka juye shi."

"To warin jiya ne ya rage."

Rahila ta ɗauki akwatin ta koma can ƙarshen sito ita kaɗai. Kukan ya tsaya, fitila ta koma kore. Ta dawo wurinsu, ya ɗauka. Ta matsa kusa da mahaifinta, ya lafa. Ta juyo wajen Mika'ilu, ya rikice da ƙara. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba," ta ɗaga tiyon a hankali, daga takalminsa zuwa aljihu, daga aljihu zuwa kafaɗa. Da ya kai gefen hula, akwatin ya yi ta kuka ba numfashi.

Irmiya ya zame ya zauna a ƙasa, yana dukan cinya, hawaye na zuba. Mika'ilu ya cire hular ya leƙa. A cikin naɗin gaba an cusa daddawa har guda uku, ta sha gumi ta yi laushi.

"Tun azahar!" in ji Irmiya, da ƙyar maganar ke fita. "Tun azahar kake yawo da ita! Ni da nake can rumfata sai da na toshe hanci. Hanci! Sarkin shinshina!"

Mika'ilu ya buɗe baki zai ce ai ya ji, shiru ya yi don ya ga iyakar mai abin. Sai idonsa ya faɗa kan Rahila. Ba dariya take ba. Ta riƙe akwatin a ƙirji tana kallonsa.

"Baba, tun yaushe?"

Ya zauna a kan katako. "Tun murar nan ta damina."

"Kwana huɗun farko fa?"

"Fitilarki nake kallo."

Ta ajiye akwatin. Muryarta ta yi ƙasa. "Wato shi ya faɗa, kai ka maimaita, ni kuma na rubuta cewa ƙwararre ya tabbatar. Har na tura. Saura sati uku in tsaya gaban malamai, Baba. Ba ni da komai ke nan."

Dariyar Irmiya ta tsaya. Mika'ilu ya tuna wannan yarinyar tun tana rarrafe a tsakanin rumfunan nan yake ɓare mata lemo. Kunyar da ta kama shi ta fi ta hular nesa.

Ya ce, "Na cuce ki, 'yar nan. Tsoro ne. Mutum ya shekara talatin ana kiransa da abu, rana ɗaya ya tashi babu, ban san yadda ake faɗa ba."

Irmiya ya share ido ya ce, "Da ka faɗa mini ai da na rufa maka asiri."

"Kai? Da kafin la'asar an ji a Kaboji."

Rahila ta yi ɗan murmushi ba da sonta ba. Mika'ilu ya ga ƙofa ta buɗe, ya matso. Ya ce tun asali ba hancinsa ne ya kamata ya zama alƙali ba. Lemon da kansa zai faɗi gaskiya in an ba shi kwana uku. A sa akwatin ya ji kowane kwando safe da yamma, a rubuta, rana ta uku a zazzage a gani da ido. Rahila ta ce ta yi wannan tunanin, amma kwando ashirin a samu biyu sun lalace bai isa a koya wa na'ura komai ba, kuma ba ta da lokacin jira.

"Ruɓa kike so?" in ji Mika'ilu. "Ai ni na san yadda ake kiranta."

Nan ya shiga aikin da ya sani. Ya tsamo lemon da aka kaɗo da sanda, ya nuna mata ɗan tabon da ba ta taɓa lura da shi ba, ya ce ta nan cutar ke shiga. Ya ɗauki wanda ya riga ya yi kore ya goga a kan wasu, aka binne su a tsakiyar kwanduna goma, aka bar goma lafiyayyu, Irmiya ya cuɗanya su yadda ko Rahila ba ta san wanne ne wanne ba. Ya ce mata ta daina sa tiyo a baki, ta cusa shi ƙasa ta ɓangaren bango, don can danshi ke taruwa. Da suka ga akwatin yana ruɗewa kullum da misalin sha ɗaya, shi ya gano lokacin ne mai cajin waya ke tada janareta, hayaƙi na shigowa ta taga. Suka toshe tagar da kwali. Da ya sake ruɗewa a kusurwar gabas, Mika'ilu ya leƙa ta ramin bango ya ga tulin ayabar Irmiya da ta nuna luguf.

"Na gano cutar," ya ce. "Ubanki ne. Kayansa ma tsegumi suke ta bango."

Sau biyar suka maimaita gwajin. Akwatin yakan kuskure kwando ɗaya ko biyu, Rahila ta gyara masa lissafi a kwamfuta, ya sake gwadawa. Zuwa zagaye na ƙarshe yana kama funfuna kwana biyu kafin ta fito fili, a lokacin da lemon ke nan sumul, yatsun Mika'ilu ma ba su jin komai. A tsakanin nan ne wata safiya Abdulwasiu ya kawo buhu a shinshina masa, Mika'ilu ya ce masa a gaban kowa hancin nan ya yi ritaya tun damina, ya miƙa hannu ya ɗauko tiyo. Aka yi dariya, aka yi ta tsiya har azahar, wasu suka ce dama sun lura. Daga nan kuma aka ci gaba da kawo buhuna, shi ke riƙe tiyon, shi ya san inda ake cusawa.

Ranar da Rahila za ta koma Minna ta zo da jakarta da safe ta shiga sito, ba ta ga akwati ba. Ta fito ta samu Mika'ilu a zaune kan wani kifaffen kwando a bakin rumfa, ya baza babbar riga, yana jan carbi.

"Baba, ina akwatin?"

"Wane akwati?"

"Baba."

"Au, wannan? Ni ma tun safe nake nemansa. Kasuwar nan ta lalace, 'yar nan. Ki je ki faɗa wa malaman da baki, za su yarda. Ko in rubuta miki takardar shaida."

"Ƙarfe goma motata za ta tashi."

"To ki hanzarta, kada ki rasa kujerar gaba."

Irmiya ya fito daga rumfarsa. Ya je tulin da ake zubar da ɓatattu ya zaɓo wani lemo da ya yi kore shar, ya riƙe shi da ganye. Ya bi ta cikin sito da shi, shiru. Ya zagaya bayan buhuna, shiru. Ya dawo ya tsaya a gaban Mika'ilu, ya sunkuya ya ajiye lemon a ƙasa daidai ƙafarsa.

Ƙit. Ƙit-ƙit. Ƙit-ƙit-ƙit.

Mika'ilu ya dafe ciki. "Tun jiya cikina ke wannan kukan. Wake na ci."

"Tashi," in ji Irmiya.

Ya tashi a hankali yana gyara riga. Rahila ta ɗaga kwandon, ga akwatin a nannaɗe cikin tawul, ya manta bai kashe shi ba. Ta ɗauka tana dariya har tana riƙe ƙugu.

Mika'ilu ya ce, "Jibi mota za ta zo daga Gboko, buhu tamanin. Da me kike so in tare ta?"

"Sati biyu ne kawai, Baba. In na gama zan dawo da shi. In Allah ya sa na ci, zan haɗa wani, su zama biyu."

"Yawwa," in ji Irmiya. "Na biyun nawa ne."

"Naka? Ka yi me da shi? Ayabarka ai makaho ma ya san ta ruɓe."

"'Yata ce ta ƙera."

"Ni na koyar da shi. A sitona ya yi karatu."

"Kai da ka kwafi amsa a wurinsa kwana huɗu?"

Rahila ta sa akwatin a jaka, ta durƙusa ta yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu ya sa mata albarka a gurguje ya koma kan maganarsa. Ta tare ɗan acaba a bakin layi, ta hau, ta waiwayo. Suna nan tsaye a tsakanin rumfunan biyu, Mika'ilu na nuna wata ƙusa a jikin ginshiƙinsa da za a rataye akwatin, Irmiya na auna tsawon tiyo da hannu yana cewa ai ko a can aka rataye zai kai wurinsa.